Fim ɗin ban tsoro da ke bin mutum har gida

Wani ɗalibi daga Mamobi, unguwar Zango a babban birnin Gana, ya aiko mini da tambaya. A taƙaice ya ce shi da abokansa sun kalli fina-finan ban tsoro da dama da suka fito a 'yan shekarun nan, abokan suna ta yabawa, amma shi yawancinsu ba su yi masa komai ba, sai wani fim na aljanu daga Turkiyya da ya kalla a waya, wanda ya hana shi barci kwana biyu. Yana son ya san ko sababbin sun fi na da, waɗanne ne suka cancanci a kashe musu kuɗin data, ko a littattafai ma ana samun irin wannan, sannan me ya hana mu 'yan Zango yin namu.

Ɗana, na yi sama da shekara 20 ina tace fim da koyar da rubutun labarinsa a nan Ankara (tamu ta Gana nake nufi, tunda Turkiyya za ta shigo zancen), kuma abin da ya same ka ba baƙo ba ne a wurina. Hausa ta riga ta raba mana abubuwa biyu da masu kallo suke haɗawa wuri guda, wato razana da fargaba. Razana ita ce zaburar da jiki ke yi idan tayar tirotiro, wato ƙaramar bas ɗin haya, ta fashe kusa da kai, ko wani ya ɓuya bayan ƙofa ya yi maka ihu. Kafin ka ƙirga goma ta wuce, har ka koma kana dariyar kanka. Fargaba kuwa a hankali take shiga, ta zauna a ƙirji, ita ce ke sa mutum ya fasa zuwa bayi da tsakar dare alhali fitsari ya matse shi. Mafi yawan abin da abokanka suke yabo razana ce ake sayar musu. Kai kuma fargaba ka gamu da ita.

Razana ba ta da wuyar haɗawa, domin ni kaina na sha haɗa ta a kan kwamfuta. Ana rage sauti har ɗakin ya yi tsit, a bar kyamara ta daɗe a kan wani lungu mai duhu don idon mai kallo ya tsaya can, sai a jefo fuska daga ɗaya gefen tare da ƙara mai ƙarfi. Akwai gwajin da nake sa ɗalibaina su yi, kai ma ka gwada: ka ɗauki wurin da ya fi zaburar da kai a irin waɗannan fina-finai, ka kashe sautin gaba ɗaya, ka sake kallo. Abin da za ka gani shi ne mutum da hoda a fuska yana leƙowa. Ranar da na fara yin wannan a aji, wata ɗaliba da ta rufe ido da gyalenta a kallon farko ta fashe da dariya a na biyu har da riƙe ciki. Fim ɗin da duk ƙarfinsa yake cikin wannan dabara ba ya jure kallo na biyu.

Dalilin da ya sa irinsa ya cika kasuwa kuwa lissafi ne. Paranormal Activity, wanda aka fara nunawa a 2007, an ɗauke shi a gida guda da kimanin dala 15,000, ya kuma tara fiye da dala miliyan 190 a duniya. Get Out na Jordan Peele, na 2017, ya ci dala miliyan 4.5, ya dawo da fiye da miliyan 250. Da wuya a sami wani nau'in fim da ƙaramin jari ke haifar da irin wannan riba, tunda ba ya bukatar fitaccen jarumi ko manyan gine-gine, duhu ma rage kashe kuɗi yake yi. Saboda haka duk wanda ya yi nasara sai a yi masa na biyu da na uku da na huɗu, a yi ta dafa ƙashi ɗaya har romon ya koma ruwa. Amma wannan arahar ce kuma ta ba sababbin daraktoci, ciki har da baƙaƙen fata da mata da 'yan gudun hijira, damar shigowa da labaran da a da babu mai zuba musu kuɗi. To amsar tambayarka ta farko ke nan: sharar ta ƙaru ƙwarai, amma na kirkin da suka fito daga wajen 2014 zuwa yau, a ganina, ba su gaza fitattun shekarun 1970 ba, kuma sun fi su kusanto mu.

Wanda nake fara miƙa wa duk wanda ya tambaye ni shi ne His House na Remi Weekes, wanda ya fito a 2020. Miji da mata ne suka tsero daga yaƙin Sudan ta Kudu, suka ketare teku a kwalekwale, hukuma ta ba su wani tsohon gida a Ingila da sharaɗin ba za su bar shi ba, ba kuma za su yi aiki ba, in sun saɓa a mayar da su. Sai ga motsi a cikin bango. Dubi yadda marubucin ya toshe tambayar da kowane mai hankali yake yi a irin wannan fim, wato me ya hana su tashi daga gidan: takardar zama ce ta ɗaure su. Duk wanda yake da ɗan'uwa da ya bi ta Agadas da Libiya ya san nauyin wannan takarda. Abin da ke cikin bangon kuma bashi ya zo karɓa, bashin wani abu da mijin ya aikata a hanya don su tsira, wanda ba zan faɗa maka ba don kada in ɓata maka kallo. Fatalwar tana da gaskiya a kansa, shi ya sa babu inda zai gudu, shi ya sa kuma mai kallo yake kwana yana tambayar kansa abin da shi zai yi da a ce shi ne a matsayin mijin.

Kusa da shi akwai Under the Shadow na Babak Anvari, na 2016, da harshen Farisanci. Uwa ce da 'yarta a wani bene a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, makami mai linzami ya faɗo ta rufin bai fashe ba, maƙwabta suna ta ƙaura ɗaya bayan ɗaya, wata maƙwabciya tana cewa aljanu iska suke bi, kuma in sun ɗauki wani abu naka ba za su rabu da kai ba. 'Yar tsanar yarinyar ta ɓace. Aljanin da kansa, in ya bayyana, mayafi ne kawai yake kaɗawa. Ban taɓa ganin an tsorata ni da ƙyalle haka ba.

Sinners na Ryan Coogler, na 2025, ya fi su girma da armashi. Tagwaye ne suka komo Misisipi a 1932 suka buɗe gidan rawa, sai matattu masu shan jini suka zo bakin ƙofa. Gaskiya bai tsorata ni sosai ba, kiɗansa da tarihinsa sun fi tsoronsa ƙarfi, amma akwai abu ɗaya da ya yi daidai: waɗannan halittu ba su iya shiga sai an ce musu su shigo, don haka suke tsayawa a waje da fara'a da ladabi suna neman izini. Ga mutumin da aka rena a kan cewa ba a barin mai sallama a tsaye, wannan ya fi haƙoran ban tsoro. Talk to Me na Ostireliya shi ma na yaba masa, domin ya gane matasan yanzu: suna riƙe wani busasshen hannu su kira matattu su shiga jikinsu na ɗan lokaci, sauran suna ɗauka a waya suna shewa, kamar yadda ake gasar kowace wauta a TikTok. Nanny na Nikyatu Jusu, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Sundance a 2022, ya kawo Mami Wata da Ananse, gizon tatsuniyar Gana, cikin labarin wata 'yar Senegal mai renon ɗiyar masu kuɗi a New York alhali nata ɗan yana gida. Hotonsa kyakkyawa ne, baƙin cikinsa na gaske ne, sai dai tafiyarsa tana da nawa, kuma in tsoro kake nema zalla zai bar ka da yunwa. Waɗanda ba su da komai sai yanka da fiɗar mutane ba zan ɓata lokacinka a kansu ba. Ƙyama suke tayarwa, kuma wanda ya taɓa tsayawa a mayanka da sassafe ya san ƙyama daban take da tsoro.

Yanzu ga fim ɗinka na Turkiyya. Ba ka faɗi sunansa ba, amma ina kyautata zaton cikin jerin Dabbe ne ko Siccin, waɗanda suka fi yawo a wayoyin matasanmu. In don ƙwarewar aiki ne, da yawansu ba su kai waɗanda na ambata ba: ihu ya yi yawa, kyamara tana ta rawa, labarin kusan ɗaya ne kullum, wata ta yi wa wata sihiri a kan miji ko gado, an binne laya, an kira malami. Duk da haka sun fi kama ka, kuma dalilin a fili yake. Gidan katako mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa a wani ƙauyen Amurka, da limamin coci riƙe da gicciye, ba su da ƙugiyar da za su maƙale a zuciyarka, kallonsu kake yi kamar mai leƙen gidan wasu. Amma aljani ba tatsuniya ba ne a wurinka. Akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, ka ji ana ruƙiyya a maƙwabta, mahaifiyarka ta sha kiran ka ka shigo gida da magariba, ta hana ka watsa ruwan zafi a kwata ba tare da bisimilla ba. Daraktan bai gina maka tsoro ba, ya tarar da shi a gine, ƙofa kawai ya tura. Haka masu fim a Indonesiya da Malesiya suke cin kasuwarsu da likkafani da kabari da sallar dare. Ni dai akwai abin da ke damuna a wasunsu, wato yadda ake mayar da ayoyi kamar kayan ado na ƙara armashi, amma hukuncin wannan na malamai ne, ni ba mai fatawa ba ne. Abin da zan iya cewa a matsayin uba shi ne kada ka kunna irin wannan a ɗakin da ƙannenka suke, domin yaro ɗan shekara bakwai ba ya raba abin da ya ji a makarantar allo da abin da ya gani a waya.

Da ka ce ba mu yin namu, ka ɗan yi wa Gana rashin adalci. Harkar fim ɗin bidiyo a ƙasar nan da labarin maita ta fara: Zinabu na William Akuffo, a 1987, labarin wani talaka ne da wata hamshaƙiyar mace mai asiri ta azurta shi bisa sharaɗi. Bayansa aka yi Diabolo, na mutumin da ke rikiɗa maciji don samun kuɗi. Ina yaro na kalle shi a wani ɗakin bidiyo a Nima, mun cika benci har wasu a ƙasa, janareta tana ruri a waje, a bakin ƙofa an rataye hoton talla da aka zana da fenti a kan buhun fulawa, macijin da ke jikin buhun ya ninka na cikin fim ɗin sau goma. Yau in na tuna yadda aka haɗa rikiɗar sai in yi murmushi. Amma a daren nan da muka fito, hanyar gida ta bi gefen babbar kwata, babu fitila, wani abu ya motsa cikin shara, mu huɗu muka zuba da gudu, ɗayanmu ya bar silifas ɗinsa guda a can bai koma nema ba sai da gari ya waye. Fim ɗin ya yi aiki a kanmu saboda kowa a unguwa ya taɓa jin an nuna wani mai kuɗi an ce ba a san tushen dukiyarsa ba. Wannan jijiyar ce Living in Bondage ya taɓa a Najeriya a 1992, ita ce kuma fina-finan sakawa suka sake taɓawa wajen 2009, da samari masu kwana a akwatin gawa don damfarar intanet ta ci. Kalmar sakawa ma tamu ce, daga bakin Hausawa ta shiga bakin Gana duka.

Inda namu suke faɗuwa, da na Kumasi da na Kano da na Legas, wuri biyu ne. Na farko gaggawar nunawa: minti biyar da farawa an riga an ga mayya da jan ido tana harba wuta daga tafin hannu, da aikin kwamfuta mai araha, sai abin ya koma wasan dariya. Mai ba da tatsuniya ya fi su sanin aiki. Kakata ba ta taɓa kwatanta mana surar Dodo ba, muryarta kawai take saukarwa, ta yi shiru, mu da kanmu muke ƙera shi a cikin duhu, kowa da irin nasa. Hereditary na 2018 ya yi amfani da wannan hikima, inda ɗan ƙaran da yarinya take yi da harshenta ya zama abin da ya fi komai tayar da tsikar jiki, har bayan ba ta nan.

Na biyun ya fi nauyi, kuma a kansa ba na sassautawa. Kusan kullum mayyar tsohuwa ce, ko kishiya, ko uwar miji, ko matar da ba ta haihu ba, kuma fim ɗin yana ƙarewa da an tona ta, ta yi ikirari, jama'a sun taru a kanta. A ƙasar da har yanzu akwai matan da ke zaune a sansanonin Gambaga da Kukuo a arewacin Gana saboda an kore su daga garuruwansu da zargin maita, wannan ya wuce nishaɗi. A Yulin 2020 an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan da ya kashe ta a Kafaba, kusa da Salaga, da rana tsaka, mutane suna kallo, wani yana ɗauka a waya. Majalisa ta zartar da ƙudurin haramta irin wannan zargi a 2023, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Ban ce fim ne ya kashe ta ba. Sai dai duk marubucin da ya sake zana tsohuwa matalauciya a matsayin tushen masifar gida ya san a kan wace wuta yake zuba mai. Ka lura kuma cewa a fina-finan da na yaba a sama, laifin yana komawa ne kan jarumin da kansa, ko kan yaƙi, ko kan tsarin da ya danne shi, kuma hakan ya fi tsoratarwa nesa ba kusa ba, domin in mugun yana waje ana iya korar sa a huta.

Game da littattafai, ra'ayina shi ne sun fi fim iya dasa fargaba, tunda marubuci ba shi da ƙarar da zai zaburar da kai da ita, dole ya bi ta cikin tunaninka. In kana karanta Turanci, The Haunting of Hill House na Shirley Jackson, na 1959, har yau darasi ne: ana buga ƙofa, ana rubutu a bango, amma ba a nuna maka mai yin su, kuma kana rufe littafin ba ka tabbatar ko matsalar a gidan take ko a kan jarumar labarin ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Frankenstein in Baghdad na Ahmed Saadawi, wanda ya fito da Larabci a 2013 ya kuma ci babbar kyautar ƙagaggen labarin Larabci a 2014. Wani mai sayen tsofaffin kaya ne yake tsintar sassan jikin waɗanda bam ya tarwatsa, yana ɗinke su wuri guda don a sami cikakkiyar gawar da za a yi wa sutura kamar ɗan Adam, sai gawar ta tashi tana neman fansar kowane sashe nata. Musulmin da ya san haƙƙin mamaci a kan rayayyu zai ji wannan a wurin da wani mai karatu ba zai ji ba. A namu ɓangaren, littattafan Hausa na aljanu da ake turawa a WhatsApp ko ake karantawa a YouTube suna da masu bi da yawa, wasunsu kuma suna farawa da kyau ƙwarai, da gamo a gindin tsamiya ko amaryar da ta tare a gidan da ba a daɗe a cikinsa. Matsalar ita ce kafin babi na goma aljanin ya zama kyakkyawan saurayi mai dukiya, labarin ya koma soyayya da kishi, tsoron ya bi iska.

Da za a ba ni kuɗin fim ɗaya, ba zan fita daga gidan hayar da na tashi a ciki ba. Ɗakuna goma sha biyu a zagaye da tsakar gida, bayi ɗaya, famfo ɗaya, kowa ya san tarin kowa. Akwai ɗaki na ƙarshe da mai gida yake bayarwa da araha, kuma babu ɗan hayar da ya taɓa cika wata uku a ciki, amma in ka tambaya sai kowa ya ce bai san komai ba. Wani saurayi ya dawo daga Libiya shi kaɗai, alhali su biyu suka tafi da ɗan maƙwabciya, ya kama ɗakin, kullum da safe uwar tana kawo masa koko da ƙosai tana tambayar sa yaushe ɗanta ya ce zai kira. Wata rana aka ɗauke wuta, gida ya yi tsit bayan isha'i, yana kwance sai ya ji sallama a bakin ƙofarsa, a hankali, da muryar da ya sani, muryar da ya baro a cikin sahara. Bai amsa ba. Aka sake yi. A ɗakin da ke jikin nasa kuwa, ta cikin bangon da ba ya ɓoye ko tari, ya ji uwar ta tashi zaune tana laluben tocila, ta amsa sallamar.